Samari masu gaggawa, ga labarin Maurice Clarett

Jiya da la'asar, a bakin filin ƙwallon unguwarmu, na ji wani yaro da bai wuce shekara 17 ba yana gaya wa kocinsa cewa ya fi ƙarfin atisaye, kuma ya bar makaranta tunda wani dillali ya yi alkawarin kai shi Turai. Dattijon ya mayar da usur ɗinsa aljihu, bai ce uffan ba. Ni ne raina ya ɓaci a madadinsa.

Ƙannena, wannan gaggawar ce ta cinye Maurice Clarett. A ƙwallon Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo a hannu, aikinsa shi ne a miƙa masa ita ya ratsa abokan hamayya da gudu. A 2002, shekararsa ta farko a Jami'ar Jihar Ohio, ya ci yadi 1,237 da ƙwallo, kuma shi ya ci makin da ya ba su kofin ƙasa na jami'o'i a kan Jami'ar Miami a watan Janairun 2003. Daga nan yabo ya hau masa kai. Jami'ar ta dakatar da shi saboda karɓar kyaututtukan da doka ta hana, shi kuwa maimakon ya yi haƙuri, sai ya maka hukumar NFL, mai kula da babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, a kotu don ta bari a ɗauke shi kafin cikar shekara uku da gama sakandare, wanda shi ne wa'adin da ƙa'idarta ta tanada. Ya yi nasara da farko, aka ɗaukaka ƙara, ya sha kaye, ya zauna kaka biyu ba wasa. Sauri ya haifi nawa.

Da ƙungiyar Denver Broncos ta ɗauke shi a 2005, jikin ya riga ya yi nauyi, aka sallame shi bai buga ko wasa ɗaya ba. A 2006 aka ɗaure shi kan fashi da makami, sai 2010 ya fito.

Yaro bai san wuta ba sai ya taka, amma ku har gudu kuke yi ku taka ta. Ƙwallo biyu a gasar unguwa, sai rina gashi da bidiyo a TikTok, iyaye kuma, abin takaici, har filin gado suke sayarwa su damƙa wa dillali. Ku dai rage sauri, ku saurari na gaba. A zamaninmu yaro kan shekara yana ɗaukar wa manya takalma da ruwa kafin a ba shi riga, kuma ko an ba shi, ba ya ɗaga ido ya kalli koci in ana yi masa faɗa.