Melton Prior, mai zanen da ya bi sojan Ingila yaƙi shekara 30

Jama'a, tsofaffin zanen yaƙe-yaƙen Turawa sun cika mana shafuka kwanan nan. Wani zai ɗora baƙi-da-fari, ga hayaƙi ga dawakai, ya rubuta a ƙasa "ainihin hoton yaƙin kaza", mutane su bi da Allah ya isa. Da yawansu ba kyamara ce ta ɗauke su ba, zanen mujalla ne, kuma in ka ƙura wa ƙasan shafin ido akwai sunan da zai yi ta fito maka: Melton Prior. Ni a wurina mutumin shaida ne mai zuciya, hannunsa kuma na gwani ne. Sai dai kullum a bayan sojan Ingila yake tsaye, kuma abin da ya gani sai ya ratsa hannu da yawa kafin ya hau takarda.

A Landan aka haife shi a 1845, zanen ma gado ya yi wurin mahaifinsa. A 1868 ya fara aiki da Illustrated London News, mujallar mako-mako da aka kafa a 1842. Tun daga 1873 da aka fara tura shi fagen daga har zuwa 1904, shekara ɗaya rak ya yi cur a gida, 1883. Abokan aikinsa sun fi tuna shi da sanƙonsa mai sheƙi da wata irin dariya mai tsinin murya.

Yaƙinsa na farko ya shafe mu kai tsaye: yaƙin Asante (a ƙasar Ghana ta yau) na 1873 zuwa 1874, ƙarƙashin Janar Garnet Wolseley, zamanin sarkin Asante Kofi Karikari. A gumurzun Amoaful, ranar 31 ga Janairu 1874, Hausawa ne ke harba igwa da rokoki ƙarƙashin Kyaftin Rait. Ta gefen kogin Volta kuma Kyaftin Glover na tafe da nasa Hausawan, rundunar da ya fara haɗawa a Legas a 1863, wadda sojan Nijeriya ke lissafa asalinsu daga gare ta. Ranar 4 ga Fabrairu aka shiga Kumasi, babban birnin Asante. Prior da kansa ya ba da labarin yadda gajiya ta kama shi a hanya har ya damƙi wutsiyar wani alfadari yana jan sa, ashe Wolseley ne a kai. Bayan kwana biyu aka tarwatsa fada, aka cinna wa garin wuta. To mai shirin rubuta Allah ya isa a ƙarƙashin zanen Kumasi, ya ɗan dakata, da hannun namu a wannan aikin. A zanen dai za ka iya ganin su, amma sunan hafsa Bature kaɗai ake rubutawa.

Me ya sa ma ake tura mai fensir wurin yaƙi? Kyamarar lokacin kaya ce guda, da faranti na gilashi, kuma sai abu ya tsaya cak take iya kama shi. Doki a guje ya fi ƙarfinta. Ko an ɗauki hoton, injin buga mujalla bai iya buga shi kai tsaye ba sai wajejen 1890. Saboda haka Prior zai zauna a bayan sahu, ya zana da sauri, ya cike gefen takardar da rubutu: nan hayaƙi ne, nan a ƙara mutane, rigar waɗannan launi kaza. Ɗan aike ya kai gaɓar teku, jirgin ruwa ya yi makonni a hanya. A Landan wani mai zanen daban, irin su Richard Caton Woodville, wanda bai ji ƙarar harsashi ɗaya na wannan yaƙin ba, zai sake zana abin a kan katako. A raba katakon gunduwa-gunduwa, kowane mai sassaƙa ya ɗauki nasa ya kwana a kai, a haɗe su da ƙusa mai zare, sannan a buga. Kamar labarin da ya taso daga kasuwa ne, kafin ya iso zaure kowa ya sa masa gishirinsa.

Abin da ya faru da zanensa na Isandlwana shi ya fi tsaya mini a rai. Ranar 22 ga Janairu 1879 Zulu suka murƙushe sansanin Ingila a gindin dutsen Isandlwana, a Afirka ta Kudu, mutum fiye da 1,300 suka mutu a ɓangaren Turawa. Wata huɗu gawarwakin na kwance a fili. A watan Mayu Prior ya bi mahayan da suka koma wurin, ya zana abin da ya tarar: kekunan shanu a tsaye inda aka bar su, ciyawa ta yi tsawo, ƙasusuwan sojoji a warwatse cikinta. Da mujallar ta fito, dutsen na nan, kekunan na nan, ƙasusuwan 'yan Ingila an share su. Edita ya san wa ke sayen mujallarsa, cikinsu har da iyayen waɗanda suka mutu. Gawar Zulu kuwa ba ta taɓa hana kowa karin kumallo a Landan ba.

Ba ina cewa maƙaryaci ne ba, kuma matsoraci ba ya irin wannan aiki. A Ulundi, babban garin sarkin Zulu, ranar 4 ga Yuli 1879, yana cikin sahun nan mai kusurwa huɗu da sojan Ingila ke yi, ana harbi yana zane, har littafin zanensa ya ɓace a cikin hargitsin, ya zauna ya fashe da kuka. A Sudan yana cikin rundunar raƙuma da ta ratsa hamada don ceto Janar Gordon da mutanen Mahadi suka yi wa ƙawanya a Khartum, ya ga gumurzun Abu Klea ranar 17 ga Janairu 1885, bayan kwana biyu kuma aka kashe 'yan jarida biyu abokan tafiyarsa. Amma ku lura da inda yake zaune. Wanda ke tsakiyar sahu, fuskokin da ke kusa da shi na Turawa ne, ya san sunansu, ya ci abinci da su jiya. Mutanen Mahadi daga nesa yake hango su, dandazo ne mai tahowa da masu. Ko da bai yi niyyar son kai ba, wurin zaman ya riga ya yi masa. Mai kallon zanen a yau, ko a Kano yake ko a Omdurman, a wannan wurin ake zaunar da shi bai sani ba.

Shi ya sa na fi daraja zanensa na fensir, wanda wasu ke ajiye a gidan tarihin soja na Landan, a kan gyararrun da aka buga. Can ne ake ganin hannu na rawa da layin da aka ja ba a ƙarasa ba.

Ƙarshen aikin bai yi masa daɗi ba. An tsare shi tare da sojoji a garin Ladysmith kwana 118 lokacin yaƙin Ingila da Bowa, fararen fatar Afirka ta Kudu, a daidai lokacin da ƙaramar kyamarar Kodak ta fara shiga aljihun hafsoshi. A 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗi, yana Somaliya inda ake farautar Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan. A 1904 ya tafi yaƙin Rasha da Japan, Japanawa suka ajiye 'yan jarida a Tokyo wata da watanni, da suka sake su ma suka hana su matsawa kusa da wuta. Ya koma gida ransa a ɓace, bai sake fita yaƙi ba har ya mutu a Landan a watan Nuwamba 1910.