Doka ta bi wanda aka ba amanar yaro, ko da ba danginsa ba ne

Dokokin da suka wajabta kai rahoton cin zarafin yara sun samo tushe ne a Amurka, bayan likita Henry Kempe da abokan aikinsa sun wallafa bincikensu a 1962 kan yaran da ake kawowa asibiti da karaya da tabon duka. Abin da 'yan majalisa suka hango a lokacin shi ne uwa ko uba ko mai riƙo, sai likitan da ya ga raunin. A kan wannan aka gina dokokin wurare da dama, kuma nan ne giɓin yake. Yaro ba a gaban iyayensa yake wuni ba. Akwai kocin ƙwallo, akwai mai koyar da darasi bayan an tashi makaranta, akwai direba, maƙwabci, malamin addini, da saurayin uwa da ke shige da fice a gidan. Babu wanda ya haɗa jini da yaron a cikinsu, amma kowannensu yana iya keɓewa da shi ba a ce masa don me ba.

Ra'ayina shi ne doka ta auna kusanci da amana, ta daina tsayawa a kan dangantaka. Duk babban da aka sakar wa yaro, doka ta san da zamansa ta fuska biyu: idan shi ake zargi, hukumar kare yara ta sami hurumin bincikensa, idan kuma shi ya gani, ya zama dole ya faɗa. Sashe na 19 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ma bai tsaya kan iyaye ba, ya haɗa da duk wanda yaro ke hannunsa.

A duba abin da ya faru a jami'ar Penn State da ke jihar Pennsylvania ta Amurka. Jerry Sandusky tsohon mataimakin koci ne, kuma shi ya kafa gidauniyar Second Mile ta taimakon yara marasa galihu. An ba kura ajiyar nama ke nan. A 2001 wani matashin ma'aikaci, Mike McQueary, ya gan shi da yaro a ɗakin wanka na 'yan wasa. Ya sanar da babban koci Joe Paterno, shi kuma ya sanar da daraktan wasanni, magana ta yi ta hawa sama har ta mutu a ofis. Ba ta kai ga 'yan sanda ba, ba ta kai ga hukumar kare yara ba. Sai a 2011 aka kama Sandusky, a 2012 kotu ta same shi da laifuka 45 masu alaƙa da lalata da yara maza goma. Shekara goma ke nan mutumin yana yawonsa cikin yara, alhali manya sun ji.

Bayan haka jihar Pennsylvania ta gyara dokarta. Ta faɗaɗa jerin waɗanda dole su kai rahoto har da masu aikin sa-kai da ke kula da yara, ta kuma ce wanda ya gani ya kira hukuma da kansa, gaya wa oga kaɗai bai wadatar ba. Wannan gyara na biyun shi ya fi muhimmanci a wurina, domin shugaban makaranta ko ƙungiya yana da sunan da yake karewa. Majalisar dokokin Amurka ta bi sahu a 2018, bayan badaƙalar likitan 'yan wasan motsa jiki Larry Nassar, wanda ya yi lalata da 'yan wasa mata da ke hannunsa, ta ba manyan da ke harkar wasannin matasa awa 24 su kai rahoto. Ingila kuma a 2022 ta sa koci-koci da malaman addini cikin masu riƙe da muƙamin amana, wato manyan da doka ta haramta musu yin lalata da 'yan ƙasa da shekara 18 da ke hannunsu.

Masu adawa suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Suna cewa rahotanni za su yi wa hukuma yawa, kuma za a ɓata sunan marasa laifi. Na farkon ya faru: binciken babban mai duba kuɗin Pennsylvania ya gano cewa kira kusan 42,000 ne ba a ɗaga ba a layin kai rahoto na jihar a 2015. Amma abin da wannan ya nuna shi ne an yi doka ba a ƙara ma'aikata ba. Majalisar da za ta faɗaɗa doka ta ware kuɗin masu amsa waya da masu bincike a zama ɗaya, ta horar da mutane su san alamomin da ke buƙatar kira.

Batun ɓata suna kuwa, rahoto ba hukunci ba ne. A ɓoye sunan wanda ake zargi har a gama bincike, a kare wanda ya kai rahoto da zuciya ɗaya daga ƙara da kora daga aiki, a hukunta wanda ya shirya ƙage da gangan. Ƙaramin ma'aikacin da ya ga abu yana tsoron rasa abincinsa ne, don haka wannan kariya ta kasance a rubuce cikin dokar tun daga farko.