Yaronku matuƙi ya samu aiki a waje? Ku fara tambayar yadda zai fita kafin ku tambayi albashi

Duk gidan da ya kai yaro Zariya koyon tuƙin jirgin sama ya san abin da ya fita daga aljihunsa. Tun 1964 aka kafa kwalejin nan don yaye matuƙa, amma in ba gwamnatin jiha ce ta ɗauki nauyin yaro ba, ba makarantar ɗan talaka ba ce. A nan Kaduna na san gidan da aka sayar da fili a Rigachikun, na san wanda uwa ta tattara gwala-gwalanta aka kai kasuwa. Yaro ya gama, an yi walima, an sha hotuna da farar riga da igiya a kafaɗa, daga nan sai zaman jira. Lasisi na hannu, awoyin tashi 200 da 'yan kai, kamfanonin gida kuma kowa gogagge yake nema. Shi ya sa ranar da wani ƙaramin kamfani na wata ƙasa ya ce a zo, tambayar gida guda ce: nawa za su ba shi, kuma da dala ne?

Ni a ganina wannan tambayar ce ya kamata ta zo ƙarshe. Wanda zai tuƙa jirgi a ƙasar da ba tasa ba, abin da zai fara sani shi ne a hannun wa takardar zamansa take, kuma nawa zai ci masa ranar da ya so barin kamfanin, ko ranar da kamfanin ya bar shi. Na daɗe ina aikin ƙasa a filin jirgi, na ga baƙin da suka zo mana, na ga namu da suka fita. Waɗanda suka dawo da ɓacin rai, ba ƙarancin albashi ne ya dawo da su ba.

Kamfanonin da nake nufi su ne masu gajeren zango da jirage masu kujera 50 zuwa 80, irin ATR ɗin Overland ko Embraer 145 na Rano Air. A irinsu ne yawancin matuƙan duniya ke tara awoyi kafin su hau manyan jirage.

Bari in fara da Amurka tunda can idon kowa yake. A Fabrairun 2009 jirgin wani ƙaramin kamfani, Colgan Air, ya faɗi kusa da garin Buffalo, mutum 50 suka rasu. Bayan wannan ne aka sauya doka, kuma daga 2013 ko kujerar dama ta mataimaki ba ka hawa a jirgin fasinja sai da awa 1,500. Akwai rangwame ga sojojinsu da waɗanda suka yi wasu jami'o'insu, amma bai shafi ɗan Zariya ba. Ko ka cika awoyin, ko ka juya lasisinka zuwa na hukumarsu ta FAA, saura babban shingen: izinin aiki. Kamfanonin nan mai girin kad, wato takardar zaman dindindin, ko ɗan ƙasa suke ɗauka. Idan kun ji ana cewa ai suna kwasar baƙi, 'yan Ostireliya ake nufi, waɗanda ke da wata biza ta musamman, E-3, da babu wata ƙasa mai ita. Cacar bizar da a da ake cikewa a shagunan intanet na garin nan kuwa, fiye da shekara goma ke nan da cire Najeriya daga cikinta. Saboda haka duk dillalin da ya ce a kawo kuɗi zai sama wa yaro aikin tuƙi a Amurka tare da biza, a gaishe shi kawai a wuce.

Amma muna da yaran da aka haifa a can, ko aure da dangi suka ba su takarda. Wani Alhaji a majalisarmu ɗansa na cikinsu. Ranar da yaron ya turo masa saƙo cewa dala 90 ce a awa, Alhaji ya zaro waya ya buɗe kalkuleta a gabanmu: 90 sau awa 8 sau kwana 30, ya samu 21,600, ya sake bugawa da farashin canji, ya ajiye wayar yana ta alhamdulillahi. Na ce masa, Alhaji, awar matuƙi ba awar ofis ba ce. Daga sa'ad da jirgi ya bar wurin lodi zuwa sa'ad da ya tsaya a wancan gari ake ƙirgawa. Duba jirgi, jiran fasinja, zama a filin jirgi tsakanin tashi da tashi, kwana a otal, duk ba sa cikin lissafi. Abin da ake lamunce masa a wata bai wuce kusan awa 75 ba, doka ma ta hana shi wuce awa 1,000 a shekara. Ka ga 6,750 ke nan kafin haraji da inshorar lafiya da haya. Kuɗi ne masu kyau, ban ce ba. A 2022 ne ƙananan kamfanonin da ke ƙarƙashin babban kamfanin jirage na American suka kai albashin sabon shiga wannan matsayi saboda ƙarancin matuƙa, alhali shekaru kaɗan kafin nan sabon matuƙi a can da ƙyar yake riƙe kansa. Sai dai abin da ƙarancin ma'aikata ya ɗaga, yawansu na iya tsayar da shi. A 2024 da Boeing ya kasa kawo jirage a kan lokaci, manyan kamfanoni suka rage ɗauka, layi ya tsaya cak har ƙasa.

Abin da Alhaji bai tambaya ba, shi ne ya fi damuna. Ƙananan kamfanonin Amurka ba su da fasinjan kansu. Kwangila suke yi wa manya, da fentin manyan a jikin jirgi. Wasu mallakin manyan ne kai tsaye: Envoy da PSA da Piedmont na American, Endeavor na Delta, Horizon na Alaska. Wasu kamar SkyWest masu zaman kansu ne, suna yi wa manya da dama aiki. Wanda ya dogara da kwangila ɗaya tal, ranar da aka janye ta ya mutu. A 2020 kaɗai Trans States da Compass da ExpressJet suka rufe. ExpressJet, babban kamfanin da yake yi wa kwangila, United, ita ce ta yanke shawarar bar wa wani kamfani jiragenta masu kujera 50, shi ke nan. Kuma a wannan sana'a komai da lambar shigarka yake tafiya, wato wa ya riga wa shiga kamfanin: hutu, garin da za a ajiye ka, ranar da za ka koma kujerar hagu ka zama kyaftin. Lambar ba ta bin ka wani kamfani. Kyaftin mai shekara 15 idan kamfaninsa ya rufe, a sabon wuri ƙarshen layi zai koma, yana zaman jiran kira tare da yaran da ya haifa. Ga kuma tarko a takarda: a 2023 wani irin wannan kamfani, Republic, ya fito wa sabbin shiga da yarjejeniya mai tarar dala 100,000 ga wanda ya tafi kafin wa'adi, har ƙungiyar ƙwadago ta kai ƙara kotu. In a Amurka mai ƙungiya da kotu aka rubuta haka, me kake zato a inda babu mai tsaya maka?

Ga yawancin yaranmu dai, ƙofar da ta fi kusa tana Afirka da Asiya. Akwai ASKY a Lome da ke aiki tare da kamfanin jiragen Habasha, akwai Africa World a Gana, akwai na Ruwanda da na Kwaddibuwa, akwai ɗimbin masu ATR a Indiya da Indunusiya. Amma kowace ƙasa 'ya'yanta take fara ba kujerar dama. Baƙo, galibi kyaftin ake nema, wanda ya riga ya ƙware a kan irin jirgin, a ba shi izini na wucin gadi har a horar da ɗan gida. A Indiya sunan izinin ma a fili ya ce na ɗan lokaci ne. Kada mu ga laifinsu. Mu ma nan ƙungiyar matuƙa da injiniyoyinmu ta NAAPE ta sha yin kuka a kan ɗaukar baƙi alhali namu na zaune. Yadda muke kallon baƙon kyaftin a Legas, haka za a kalli namu a can, kuma da korona ta zo a 2020, masu kwantiragi daga waje na cikin waɗanda aka fara sallama.

Ɗan ƙanwata ya taɓa kawo min irin wannan takarda a waya, daga wani kamfani da ba zan kama suna ba. Yana ta ɗoki: Kawu, duba shafi na biyu ka ga albashin. Na ce, ɗana, kai ka duba min can ƙasa inda rubutu ya ƙanƙance. Muka ja allo muka ƙara girman haruffa. Ashe ba kamfanin jirgin ne mai ɗaukarsa ba, wani kamfanin dillancin ma'aikata ne mai rajista a ƙasa ta uku. Kuɗin horo a kan jirgin bashi ne a wuyansa na shekara uku, kuma ba ya raguwa: ko saura wata ɗaya ya tafi, cikakke zai biya. Su kuma kwana 30 kawai za su ba shi in sun ga dama, bizar ta mutu tare da aikin. An rubuta albashin da dala, amma wani layi ya ce za a biya da kuɗin ƙasar a farashin da kamfani ya ga ya dace. Ya yi shiru, can ya ce, to Kawu ai da babu gara ba daɗi.

Ba zan ce bai da gaskiya ba. Mai awa 250 ba ya cikin masu zaɓe, kuma kowane wata da ya yi a zaune hannunsa na sanyi, takardar lafiyarsa da sauran izininsa na ƙarewa, sabunta su kuma kuɗi ne. Bashin horo shi kansa ba zalunci ba ne, kamfani ya kashe kuɗi dole ya kare kansa. Abin da nake ƙi shi ne bashin da ba ya raguwa wata-wata, da wanda ake bin ka ko su ne suka kore ka, da kamfanin da zai ce ka miƙa fasfo a ajiye maka, da kuma mafi muni, wanda kai za ka biya shi don ya bar ka ka zauna a kujerar dama ka tara awoyi. Wannan na ƙarshe ba aiki ba ne, kai ne fasinjan da ya fi kowa tsadar tikiti.

Dalilin da ya sa na nace a kan ƙofar fita ya wuce maganar kuɗi. Mu 'yan Kaduna mun san hazo. Akwai safiyar da ƙura ke rufe gari, jirgi ya kasa sauka a nan ko a Kano, fasinja su cika fili suna zagi, manaja na ta kiran waya. A irin wannan rana aikin kyaftin shi ne ya ce ba zan tashi ba, ko injiniya ya ce a lallaɓa da wata matsala shi ya ce sai an gyara. Ɗan gida in ya faɗi haka aka fusata da shi, gobe ya nemi wani kamfanin, yana kwana a gidansa. Baƙon da bizarsa da hayarsa da makarantar 'ya'yansa da bashin dubban daloli duk ke hannun mutumin da ke kiran wayar, da wane baki zai ce a'a? Shi ya sa nake ce wa yara, kada ku tsaya ga abin da mai ɗaukar ma'aikata ya faɗa. Ku nemi waɗanda suka bar kamfanin, ba waɗanda ke ciki ba, ku tambaye su: me ya faru da kyaftin na ƙarshe da ya ƙi tashi? Ana biya ranar da aka ce? Wanda ya ajiye aiki, an ba shi takardar shaidar awoyinsa ko sai da ya yi ta sintiri?

Mutuwar kamfanin jirgi kuwa ba sai an ba mu labari ba. Chanchangi a garin nan hedikwatarsa take, yau ina yake? Kabo fa? Nigeria Airways ya tsaya a 2003, har 2018 tsofaffin ma'aikatansa na bin haƙƙinsu, su da suke 'yan ƙasa. A waje ma haka: Jet Airways na Indiya ya durƙushe a 2019, Go First a 2023, Flybe na Ingila har sau biyu. Batun fitar da kuɗi ma mu ne misali, don a 2023 sama da dala miliyan 800 na kamfanonin waje suka maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala. Ƙasar da yaro zai je tana iya zama haka, albashi na asusu amma ba ya ƙetare iyaka.

Sai littafin awoyi. Don Allah kada wanda ya ba yaro shawarar ƙara ko awa ɗaya da biro don ya cika sharaɗi. A 2020 ministan sufurin jiragen saman Pakistan ya shaida wa majalisa cewa lasisin matuƙa 262 cikin 860 na da alamar tambaya. Turai ta hana kamfanin ƙasar shiga, ƙasashe irin su Biyetnam suka dakatar da 'yan Pakistan da ke musu aiki har sai an tantance, mai gaskiya da marar gaskiya duka. Baƙon matuƙi da sunan ƙasarsa yake yawo, kuma namu sunan kun san ba ya buƙatar ƙarin nauyi.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a sa su a talla: ko bizar ta ba shi damar kai iyalinsa, ko kamfani na da inshorar rasa lasisi in likita ya ga matsala a zuciya ko ido, ko jirgin da za a horar da shi a kai ana amfani da irinsa a wasu ƙasashe. ATR 72 da Dash 8 suna da kasuwa a Afirka. Wani jirgin kuwa in ka bar kamfaninsa, sai ka sake biyan horo daga farko.

Ga iyaye: gidan da ya iya sayar da fili don lasisi, kada ya yi ƙyashin biyan lauya ya karanta kwantiragi kafin a sa hannu. A ware wa yaro kuɗin tikitin dawowa da na cin wata uku a asusun da ba na ƙasar da zai je ba, kuma a jinkirta ɗora masa hidimar dangi har ya wuce watannin gwaji. Lasisinsa na NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, da takardar lafiyarsa ta nan gida ya ci gaba da sabunta su ko ya shekara biyar bai taka Najeriya ba, don ranar da aka ba shi kwana 30 ya tattara, da su zai nemi aiki a Kano ko Legas.