Amanar Da Ke Kwana Da Waya A Hannu

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na Sakkwato.

Yaron da ya shige ɗaki bayan Isha'i ya yi tsit, sai mu ce ya natsu. Don Allah ku leƙa. Ƙarfe biyun dare idonsa na kan TikTok, Asuba ta wuce shi, ya tafi makaranta da ciwon kai, ya dawo yana hantarar ƙannensa. Rashin barci kaɗai ya isa ya jefa matashi cikin ƙunci.

Na 'yan mata ya fi tayar mini da hankali. Yarinya 'yar shekara 15 ta wuni tana kallon lefen wata, kayan ɗakin wata, fuskar da aka goge da filta, har ta raina halittar da Allah Ya yi mata, ta koma neman man bilicin a ɓoye. Masu abin ma sun sani: takardun kamfanin Facebook, mamallakin Instagram, da aka fallasa a 2021 sun nuna bincikensu ya gano Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙin jikinsu. Manzon Allah (SAW) ya umurce mu da duban wanda ke ƙasa da mu, ba na sama ba, don kada mu raina ni'imar Allah a kanmu. Waya kuwa na sama take ta turo mata, dare da rana. Ga kuma izgilin da Suratul Hujurat ta hana, yau a gurup ɗin aji ake yin sa, da hoton yarinya a tsakiya.

Ostareliya ta kafa doka a 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 shiga irin waɗannan shafuka. Mu dokarmu tana gida, tunda kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin kiwonsa. Waya ta kwana ɗakin uwa. Uba ma ya aje tasa lokacin tuwo, don yaro ido yake bi. Ƙwace da duka ba sa magani, yarinya wayar ƙawarta za ta ara. Uwa, zauna da ita, ki tambaye ta me ke damunta, kuma ki bari ta ƙare magana.

In kun ga yaro ya janye daga mutane, ya bar cin abinci, ko ya furta cewa ya gaji da rayuwa, kada a tsaya ga cewa iska ce. A yi addu'a, a kuma kai shi ga likita ranar nan. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Kware, zuwa can ba abin kunya ba ne.

Allah Ya shirya mana zuri'a.