Buhun kayan da muka kai Koma

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Yau kwana uku da dawowarmu daga Koma, har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba, shi ya sa na ce bari in faɗa muku abin da ke cina.

Mun tashi daga Yola da asuba, muka bi ta Jada. Inda mota ta gaza, muka ɗora kaya a ka muka kama hawan duwatsun Alantika, can bakin iyakar Kamaru. Wanda bai kwana a wurin nan da hunturu ba, bai san sanyi ba. Tun gari bai waye ba yara sun kewaye wuta, wani da 'yar singileti, wani ko ita babu.

Sai aka kwance buhun kayan da muka tara a coci, a gaban jama'a. Riga ce ta fara fitowa, dutsen guga ya ƙone ƙirjinta. Wando babu zif. Rigar sanyi ɓera ya cinye hannunta. Takalmi wari ɗaya, jama'a, wari ɗaya! Sai wani zani da ya koɗe har kana hangen rana ta cikinsa. Zanin nan nawa ne. Ni na tono shi daga ƙasan akwati, na tsallake atamfofin ankon biki da tun bara ban sake ɗaura su ba.

Wata tsohuwa ce ta karɓe shi da hannu biyu, ta yi ta sa mini albarka da yarensu, mai bisharar wurin yana fassarawa. Da yamma ta kama kazarta, ita kaɗai ce da ita, ta sa aka yanka mana. Na ce, "Mama, don Allah ki bar ta." Ta ce baƙo ba ya kwana da yunwa a gidanta. Tuwon dawan nan a maƙogwaro ya tsaya mini.

Zumuntar Mata, da ku nake, da kaina kuma. Matasa, har da ku. Wannan kyauta ce ko sharar ɗaki? Idan biki ya zo, tela ba ya barci saboda mu. Kirsimeti kowane yaro a gida sai ya sa sabo. Kuɗin data ba ya yankewa. Amma da an ce kayan mishan, sai mu nufi abin da dama bola zai tafi. A Malakai 1:8 Ubangiji ya tambayi masu kawo masa gurguwar dabba: ku kai wa gwamnanku, zai karɓa? Dawuda ya ƙi karɓar masussukar Arauna kyauta, ya ce ba zai miƙa wa Allah hadayar da bai biya kome a kanta ba, 2 Sama'ila 24:24. Kuma duk mun haddace Matiyu 25:40, inda Yesu ya ce abin da muka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa, shi muka yi wa. To Yesu muka miƙa wa takalmin nan wari ɗaya.

Na san rayuwa ta yi tsada, na san wasunmu da kyar ake ɗora tukunya. Ba da su nake ba. Da mu nake, masu akwati biyu uku a kan gado.

Za a sake tara kaya ran Lahadi. Don Allah, kafin ki sa abu a leda, ɗaga shi sama ki duba ko za ki iya sa wa ɗanki ya tafi coci da shi. In ba za ki iya ba, bar shi a gida. Bargo ɗaya mai kyau ki kawo, ko rigar sanyi ɗaya ta yaro. Don Allah 'yar'uwa, ki wanke ta, ki goge ta kafin ki kawo.