Ranar da feda ta juya mini baya

Duk kun san yadda na ishe ku da zancen feda kafin in sayi kibod ɗin kiɗan nan. Mai maɓallai 88 ma na tsallake, na ɗauko mai 61, don kawai yana da rami biyu a baya, na fedar jan sauti da na fedar ƙara murya. Har lacca na yi muku kan feda ukun da ke jikin piyano na gaske.

Sai ranar gwaji. Na jona waya, na ɗora ƙafa kan feda cikin isa, na kunna. Ashe irin wannan kibod yana duba halin da feda take ciki ne a daidai lokacin kunnawa. In ya tarar an take ta, sai ya ɗauka haka take a sake, komai ya koma a juye.

Anti, mai rera mana waƙa, ta ɗauko waƙar nan mai sanyi. Na taka don sauti ya ja, ya ɗauke ɗif. Na ɗaga ƙafa, ya ƙi mutuwa. Na danna maɓalli na gaba, sautinsa ya hau kan na baya, na uku ya hau kansu, ɗaki ya cika da gunji kamar an saki shanu. Anti ta juyo ta dube ni ta saman tabarau. Na ƙara takawa da ƙarfi, fedar ta zame ta yi gaba. Ga ni zaune rabi a kujera rabi a iska, hannu na kiɗa, ƙafa na farautar feda a ƙarƙashin tebur, gumi na bin wuyana.

"Ɗan nan, lafiya kuwa?"

Na ce, "Salo ne, Anti."

Amma wanda ya fi ƙona mini rai ƙanin mai jita ne. Yaron nan ya sani tun daga farko! Yana zaune yana danne dariya da hula har aka kai amshi na biyu, sannan ya taso a hankali, ya ce, "Yaya, ɗan ɗaga ƙafarka." Ya kashe, ya kunna. Shi ke nan, wai an gyara. Yaron da har yau cajata na wurinsa, kullum sai ya ce gobe.

Ramin na biyu kuwa ko fedarsa ban saya ba tukuna. Wanda ya ga yaron ya tuna masa cajar.