Masu Tsayin Aro

Jiya bayan la'asar na je karɓar ɗinki wurin telan da ke yi wa gidanmu aiki tun mahaifinmu na raye, na dawo raina a jagule. Na tarar da dattijon zaune kan tabarma, tabarau a ƙarshen hanci, allura a hannu amma ba ya ɗinki. Na ce, "Baba, lafiya?" Bai ce komai ba, sai ya miƙo mini waya. Hoton wata babbar riga ce ta shadda, aska takwas, aikin hannu, wadda ni da idona na ga ya shafe makonni yana duƙe a kanta. A ƙarƙashin hoton kuwa sunan yaron shagonsa ne, da lambar waya, da kirarin wai shi ne gwanin zamani. Yaron nan bai cika shekara biyu a shagon ba. Ko wuyan kaftani bai gama iya fitarwa ba. Da aka yi masa magana, sai ya kwashe kayansa ya fita, yana gaya wa mutane wai tsohon ne ke satar masa zane.

Ƙannena, wannan maganar ta ƙarshe ita ta hana ni barci. Sata daban, ka yi sata sannan ka riga mai kaya zuwa gaban alƙali daban.

Ina kwance sai wani mutumin banza na cikin littattafan zane na Amurka ya faɗo mini a rai, irin waɗanda muke tsinta a wurin 'yan gwanjon littattafai muna yara. Ku kun san Spider-Man da Thor daga fina-finai, amma da wuya in kun san Stilt-Man, don ko a cikin miyagu shi ɗan ƙaramin alhaki ne. Kamfanin Marvel ya fito da shi a 1965, a fitowa ta 8 ta mujallar Daredevil, aikin Stan Lee da mai zane Wally Wood. Sunansa Wilbur Day, ma'aikaci ne a ƙarƙashin wani mai ƙirƙira da ake kira Carl Kaxton. Maigidan nasa ya ƙera wata na'ura mai tura ƙarfe da ƙarfin matsi, shi kuma ya sace tsarin, ya je ya haɗa wa kansa sulke mai ƙafafun ƙarfe da ke miƙewa suna shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo. In ya miƙa su duka sai ya kai kusan ƙafa 290. Da su yake taka titunan New York, yana leƙa saman benaye, har jirgi mai saukar ungulu ya tare a sama ya yi wa fashi.

To ku ji inda rashin kunyar take. Wannan mutumin ne ya ɗauki ƙafa ya tafi ofishin lauya, yana marairaicewa, wai Kaxton ya ƙwace masa fasaha, a shigar masa da ƙara. Lauyan da ya ɗauka kuwa Matt Murdock ne, makahon nan wanda shi ne Daredevil, jarumin mujallar, in dare ya yi. Har zargi ya koma kan Kaxton, ana ɗauka shi ne ɗan fashin. Ku gaya mini, ina bambancinsa da yaron telan nan? Ƙafar ƙarfe ce kawai babu.

Abin da ke ba ni haushi ke nan a wannan zamani, tsayin aro. Kowa so yake a hango shi daga nesa, babu mai son ya yi girman da kansa. Yaro ya zauna wata shida wurin mai gyaran waya, ya kwashe lambobin abokan cinikin maigidansa, gobe ka ga ya kafa tebur a ƙofar shagon yana ƙyafta musu ido. Yarinya ta ɗauki hoton girkin wata ta liƙa a shafinta tana karɓar oda. Wani ya kwafe rubutun da bawan Allah ya kwana yana yi, ya goge sunan, ya sa nasa, in aka yaba har ya amsa da "Allah ne Ya ba mu." Allah Ya ba ka? Ka ji tsoron Allah mana! Ɗalibi ya sauya bangon aikin kammala karatun wani ya miƙa, a tambaye shi abin da ke shafi na uku ya hau zufa. Kayan aro dai ba ya rufe katara, tun kakanni ake faɗa, amma kamar da bango ake magana.

Kada ma a zo batun masu jingina da motar mutane a wurin biki a ɗauke su hoto, da masu aron waya mai ido uku don a ga sun riƙe, alhali kuɗin shayi sai an ci bashi. Waɗannan na bar su zuwa wata rana, don su kansu kaɗai suke cuta.

Matsalar ƙafar aro ita ce duk wanda ya kalle ka ya san inda zai buga. Shekara da shekaru ana zana Stilt-Man yana faɗa da Daredevil, da Spider-Man, har da Thor da Captain America, kuma kusan kullum ƙarshen labarin ɗaya ne: a taɗe ƙafar, ya zo ƙasa. Ya yi ta gyara. Har wani sinadari mai santsi ya shafa wa ƙafafun don kada zaren Spider-Man ya kama. Bai taɓa zama ya tambayi kansa ko hawan ne matsalar ba. A fitowarsa ta farko ma, kwaɗayi ya sa ya koma ya sato wata na'urar Kaxton mai ƙanƙantar da abu, sai ta juya kansa, ya yi ta raguwa har ya ɓace wa ido. Mutumin da ya fito neman ya fi kowa tsawo ya ƙare ba a ganinsa. Masu iya magana suka ce wanda ya hau motar kwaɗayi a tashar wulaƙanci zai sauka, ban san ko masu zanen sun taɓa jin wannan ba, amma shi suka zana.

Wurin da ya fi ba ni dariya, ko da yake jiya ban iya dariyar ba, shi ne a 1982, lokacin da marubuci Frank Miller ke riƙe da mujallar Daredevil. Wani ɗan iskan gari mai suna Turk Barrett ya sace sulken ya hau, don a ce shi ma wani ne. Wilbur Day fa? Ya fusata! Ya je da kansa ya tona wa Daredevil inda raunin sulken yake, wato na'urar da ke riƙe daidaiton mai hawa, aka lalata ta Turk ya kifo. Wanzami ba ya son jarfa. Ɓarawon fasaha ne yake kukan an sace masa fasaha. Haka za ku ga yaron telan nan ranar da wani ya ɗauki hoton daga shafinsa, zai cika Facebook da Allah Ya isa, yana cewa mutane ba su da amana.

Ni ba ƙin ci gabanku nake ba, wallahi. Na san gari ya yi zafi, na san akwai iyayen gidan da ke riƙe yaro shekara goma ba sallama ba sisi, su ma Allah na ganinsu. Amma zaluncin wani maigida bai halatta maka ka hau gumin wanda ya riƙe ka da gaskiya ba. Dattijon nan shi ke ba yaron kuɗin abincin rana. Da uwar yaron ta kwanta, shi ya kai ta asibiti. Ku yi haƙuri ku koyi abu har ya zauna a hannunku, in ka ɗauki na wani ka ce na wane ne, me zai ragu a jikinka? Iyakar abin ke nan, amma ya gagara.

Da can ba haka muka taso muka gani ba. Yaro sai ya yi shekaru yana share shago, yana guga, yana sa maɓalli, kafin a bar shi ya taɓa almakashi. Ranar yaye a tara mutane, maigida ya ba shi keke ko abin da ya sawwaƙa, ya sa masa albarka. Ya tsufa yana cewa "ni yaron wane ne", da alfahari yake faɗa, ko maigidan ya daɗe a ƙasa. In aka yaba aikinsa sai ya sunkuyar da kai ya ce ai ba ku ga na maigidana ba. Ina waɗannan mutanen suka tafi? Yanzu ambaton wanda ya koya maka ya zama abin kunya, kowa daga sama ya faɗo da iyawarsa. Mu ma manya da laifinmu, mu ke danna wa hoton yabo ba mu tambayi wa ya yi ba.

Shi Stilt-Man, bayan shekara arba'in da 'yan kai yana faɗuwa, ya zo ya ce ya tuba zai yi aiki da hukuma, sai wani mai farautar miyagu da ake kira Punisher ya harbe shi da roka. A zaman makokinsa ƙananan miyagu irinsa ne suka taru a mashaya.

Kafin in bar shagon jiya, wani mutum ya shigo da hoton rigar nan a wayarsa, yana tambayar inda zai ga yaron. Ya ba shi kafin alƙalami tun wata guda, da shadda yadi goma, bikin ɗansa saura kwana tara, waya kuma ba ta shiga. Dattijon ya dube shi, ya dubi hoton, ya gyara tabarau. Sai ya ce, "Zauna, Alhaji. In ka samo shaddar ka kawo, mu ga abin da za a iya."